Gurasar Azhar: Wa Ke Ciyar da Mai Neman Ilmi?

 

Wata ranar Asabar da hantsi muna cikin darasin Risala a ajin manya na Islamiyyar da nake koyarwa, sai wata ɗaliba, irin waɗanda ba sa barin komai ya wuce su, ta juya bangon littafin Samaruddani ta ce, "Malam, wannan Al-Azhari da ke ƙarshen sunan mai sharhin, garinsu ne ko ƙabilarsu?" Na ce da ita makaranta ce. Shehu Salihu Abdussami'i Al-Abi ya jingina kansa ne ga masallacin Azhar da ke birnin Alƙahira a ƙasar Masar, kamar yadda mutum kan jingina kansa ga garin haihuwarsa. Sai ta sake cewa, "To makarantar gwamnati ce ko ta kuɗi?" 'Yan aji suka fashe da dariya. Ni kam ban yi dariya ba, domin na ga tambayar ta fi ƙarfin amsar da ke bakina a lokacin. Na ce ta ba ni mako guda. Makon ya zama wata biyu, kuma abin da na tattara a cikinsa shi ne nake son in gabatar wa 'yan'uwana matasa a yau, musamman masu burin fita neman ilmi a jami'o'in Musulunci.

Kafin mu je Masar, ya kamata ɗan'uwa mai karatu ya san cewa Azhar ta daɗe a cikin zaurukanmu ba mu sani ba. Duk wanda ya sauke Risala ya nemi faɗaɗawa, zai ci karo da Fawakihud Dawani na Shehu Nafrawi da Hashiyar Shehu Adawi. Wanda ya kai ga Mukhtasar Khalil zai sha sharhin Shehu Kharashi, da na Shehu Ahmad Dardir wanda ya rasu a 1786, da Hashiyar Dasuƙi da ke kansa. Mai karanta Jalalaini a watan azumi da wuya ya rabu da Hashiyar Sawi, mai karanta Muwaɗɗa kuma da sharhin Zarƙani. Waɗannan duk malaman Azhar ne. Ke nan rabin akwatin littattafan kakanninmu a gindin ginshiƙan masallaci guda aka rubuta shi. Mutanen da suka samu natsuwar rubuta mujalladai haka, a ina suke cin abinci? Wannan ita ce tambayar ɗalibata idan aka fassara ta.

An aza harsashin masallacin a shekarar 970 Miladiyya, bayan da Jauhar As-Siƙilli, kwamandan Faɗimiyyawa, ya ci Masar da yaƙi ya kafa birnin Alƙahira. An fara sallar Juma'a a cikinsa a watan Ramadan na 361 Hijiriyya, wato 972. Wani abu da yakan ba ɗalibai mamaki shi ne, Faɗimiyyawa 'yan Shi'a Isma'iliyya ne, kuma darasin farko da tarihi ya kiyaye a masallacin, a 975, karatun fiƙihun mazhabarsu ne daga bakin alƙali Aliyu ɗan Nu'uman. A 988 wazirinsu Yaƙub ɗan Killis ya zaɓi malaman fiƙihu fiye da talatin, ya yanka musu albashi, aka gina musu gida a jikin masallacin. Masana da dama daga nan suke fara ƙirga Azhar a matsayin makaranta mai tsari. A lura da kyau: abin da ya mayar da masallaci makaranta shi ne albashi da wurin kwana, domin karatu kam ana yin sa a kowane masallaci.

To amma wanda ya ba ka da hannunsa yana iya karɓewa da hannunsa. Da Salahuddin Al-Ayyubi ya kawo ƙarshen daular Faɗimiyyawa a 1171, sai aka dakatar da Juma'a a Azhar, bisa fatawar alƙalin Shafi'iyya cewa ba a Juma'a biyu a gari ɗaya, aka bar ta a masallacin Al-Hakim. Dukiya da martaba suka koma sababbin makarantun Ahlus Sunna da Ayyubawa suka giggina. Kusan shekaru ɗari Azhar tana gefe, har zamanin Sarki Baibaras na daular Mamalik, lokacin da aka gyara ta aka maido da huɗuba a 665 Hijiriyya, wajen 1267.

A cikin wannan tsakanin ne wani abu ya faru da ya shafe mu kai tsaye. Malamin tarihin Masar, Al-Maƙrizi, ya kawo labarin cewa a shekarun 640 na Hijira, wato bayan 1242, mahajjatan Kanem da ke ratsawa ta Masar sun ba wani alƙali mai suna Alamuddin ɗan Rashiƙ dukiya, ya gina makarantar Malikiyya a tsohon birnin Fusɗaɗ, ya kuma koyar a cikinta, kuma mutanen ƙasar suka ci gaba da aika mata kuɗi kusan kowace shekara. Zamanin Mai Dunama Dabalemi ke nan. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Shekaru kusan ɗari takwas da suka wuce, mutanen bakin Tafkin Chadi suna ɗaukar nauyin makaranta a Masar da dukiyarsu. A yau kuwa mu ne ke cike takardun neman gurbin karatu kyauta, muna jiran a kafe sunaye.

Ƙaddara ta taimaki Alƙahira ta hanyar musibar wasu. Mongol sun rusa Bagadaza a 1258, biranen Andalus kuma suna ta faɗawa hannun Kiristoci ɗaya bayan ɗaya, sai malamai daga gabas da yamma suka kwararo Masar. Ibn Khaldun da kansa ya zauna ya ba da darasi a Azhar da ya iso a 1383. Sarakunan Mamalik da hakimansu suka shiga tsere wajen gina mata makarantu da hasumiyoyi, kuma kowane gini yana tafe da wakafinsa: gonaki, shaguna, gidajen haya, wuraren wanka na kasuwa. Mu Malikawa hubusi muka fi kiran wakafi a littattafanmu. Ma'anarsa a tsare asalin dukiya, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, a riƙa sakin amfaninta ga abin da mai ita ya ambata. Sirrin yana cikin wannan tsarewar. Hakimi na iya mutuwa, ana iya kashe shi, daularsa na iya rushewa, amma gonar da ya tsare tana nan tana ba da alkama, kuma sharaɗin da ya rubuta yana ɗaure wanda ya gaje shi a kan mulki.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda rayuwar ɗalibi take a wancan zamani, domin nan ne abin ya fi burge ni. Ba a biyan kuɗin makaranta. Babu aji, babu ƙararrawa. Malami yana jingina da ginshiƙinsa, ɗalibai su kewaye shi, wanda ya ji darasin bai yi masa ba ya tashi ya koma wani ginshiƙin, kuma wannan tashin shi ne jarrabawar malami. Idan ɗalibi ya sauke littafi malaminsa ya ba shi ijaza. Wannan bai bambanta da karatun zaure na garuruwanmu ba. Inda aka bambanta shi ne riwaƙi. Riwaƙi sashe ne a jikin masallacin ko kusa da shi, da aka keɓe wa ɗaliban wata ƙasa ko wata mazhaba, yana da shehinsa, da rajistar sunaye, da akwatunan ajiye kaya, wasu har da ɗakin littattafai, kuma kowanne da wakafinsa. Akwai na mutanen Magrib, da na Sham, da na Turkawa, da na mutanen Sinnar ta Sudan, da na Jabartawa daga gabashin Afirka, da na Jawa daga ƙasashen Malesiya da Indunusiya na yau. Akwai zawiya ta musamman ta makafi. Akwai kuma riwaƙin Barnawa. Duk wanda sunansa ya shiga rajista yana da jiraya, wato rabon gurasa da ake ba shi daga amfanin wakafi, malamai ma suna da nasu kason. Gurasa ce kawai, ba wata daula ba, kuma labarin talaucin mujawirai, kamar yadda ake kiran ɗaliban, sananne ne a adabin Masar. Amma ɗan manomi daga ƙauye, ko makaho, ko baƙo daga Borno, yana iya zama shekara goma yana karatu ba tare da ya tsaya a ƙofar kowa ba.

A irin wannan yanayi ne wani Bakatsine ya yi suna. Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Kashnawi ya yi karatu a ƙasarmu, ya yi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira, ya shahara a ilmin lissafi da taurari da haruffa, ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar Abdurrahman Al-Jabarti. Cikin waɗanda suka ɗauki karatu a wurinsa akwai Ahmad Ad-Damanhuri, wanda daga baya ya zama Shehun Azhar. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ma ya ratsa Alƙahira ya karɓi ijaza daga Murtala Az-Zabidi mai Tajul Arus. Hanyar a buɗe take, ana kai ilmi ana kawowa.

Yanzu mu zo ga al'umma, wato abin da makaranta mai cin gashin kanta take iya yi wa mutanen gari. A zamanin da Masar ke ƙarƙashin Turkawa, bayan 1517, aka samu muƙamin Shehun Azhar, kuma na farko da aka sani shi ne Kharashin nan namu mai sharhin Mukhtasar, wanda ya rasu a 1690. Masu mulki baƙi ne, harshensu daban, talakawa ba su da majalisa ba su da jarida. Idan zalunci ya yi yawa Azhar ake nufa. A 1786 mutanen unguwar Husainiyya suka zo da kuka cewa wani hakimi ya washe gidan ɗayansu, Shehu Dardir ya tsaya tare da su a fili, har sai da manyan hakimai suka aiko ana ba da baki. A 1795 manoman wani ƙauye na yankin Bilbis suka kawo ƙarar yaran hakimi Muhammad Bek Al-Alfi ga Shehun Azhar Abdullahi Ash-Sharƙawi. Ya tara malamai, aka rufe ƙofofin masallaci, aka dakatar da darussa, aka umarci 'yan kasuwa su rufe shaguna. Bayan kwanaki ana kai ruwa rana, hakimai suka sa hannu a takardar alƙawarin soke harajin zalunci.

Kada daɗin labarin ya ɗauke mu, domin Jabartin da ya kawo shi bai ɓoye sauran ba. Shi Shehu Sharƙawi yana da kaso a ƙasar ƙauyen da aka zalunta, kuma alƙawarin bai wuce kimanin wata guda ba hakimai suka koma halinsu. Malaman Azhar mutane ne, wasunsu sun tara dukiya, sun yi rigima a kan muƙami da kula da wakafi har da doke-doke tsakanin riwaƙai. Ina faɗin wannan ne saboda na lura mu matasa idan muka so wani zamani sai mu wanke shi tas, daga nan kuma ba za mu koyi komai daga gare shi ba. Abin da ya tabbata shi ne, malamin da gurasarsa ba ta hannun hakimi yana iya rufe makaranta don talaka, kuma hakimi ya ji tsoro.

Da Napoliyon ya mamaye Masar a 1798, daga Azhar boren Alƙahira na watan Oktoba ya taso. Faransawa suka yi wa unguwar ruwan harsasan igwa, suka shiga masallacin da dawakai, suka ɗaure su a cikinsa, suka watsa littattafai. A 1800 wani tsohon ɗalibin Azhar, Sulaiman Al-Halabi, ya kashe Janar Kilebar wanda ya gaji Napoliyon, aka rufe masallacin kusan shekara guda. A lokaci guda kuma Shehu Sharƙawi shi ne shugaban majalisar da Faransawa suka kafa. Har yau masana na saɓani a kan wannan: sassauci ne don kare jama'a, ko rauni ne. Ni dai na fi karkata ga yi masa uzuri, amma ban ga laifin wanda ya ƙi ba.

Ƙololuwar ƙarfin malamai ita ce 1805, kuma a nan ne faɗuwar ta fara. A shekarar ne malamai, ƙarƙashin jagorancin Sayyid Umar Makram shugaban sharifai, suka tsige gwamnan da Istanbul ta naɗa, suka ɗora Muhammad Ali, bisa sharaɗin zai yi adalci ya kuma riƙa shawara da su. Muhammad Ali mutum ne mai wayo, ya ga waɗanda suka ɗora shi suna iya sauke shi, ya kuma gane inda ƙarfinsu yake. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar noman Masar a lokacin wakafi ce. A 1809 ya ɗora wa gonakin wakafi haraji. Umar Makram ya ƙi, sai Muhammad Ali ya jawo wasu manyan shehunai gefensa, aka tsige Umar aka kore shi zuwa Dimyaɗ. Cikin 'yan shekaru gwamnati ta mamaye yawancin gonakin, ta koma tana ba masu haƙƙi abin da ta ga dama. Bai rushe ko bulo ɗaya na masallacin ba, bai hana darasi ko ɗaya ba. Rumbun ya ɗauke.

Sai dai a nan dole in faɗi abin da ba ya yi mini daɗi. 'Yancin da wakafi ya ba Azhar bai hana ta yin barci ba. Sharaɗin mai wakafi yana kare makaranta daga hakimi, amma yana iya ɗaure ta ga abin da aka saba. Karatu ya taru a kan matani da sharhi da hashiya, lissafi da likitanci da ilmin taurari da irin su Al-Kashnawi da Damanhuri suka sani suka ja baya. Mutum na iya shekara ashirin a riwaƙi yana karɓar gurasa babu mai tambayarsa me ya sani. Shehu Hasan Al-Aɗɗar, wanda ya yi hulɗa da masanan Faransawa, ya ga wannan giɓin, shi ne ya sa aka tura ɗalibinsa Rifa'a Aɗ-Ɗahɗawi limancin ɗaliban da aka aika Faris a 1826. Rifa'a ya dawo ya jagoranci makarantar harsuna da fassara, amma a wajen Azhar. Haka aka yi ta gina makarantun zamani a gefenta: Darul Ulum a 1872, makarantar alƙalai a 1907, jami'ar Masar a 1908. Aikin gwamnati ya koma hannun 'yan waɗannan makarantu, ɗan Azhar ya ga shahadarsa ba ta kai shi ko'ina. Wanda ya yi makarantar Arabiyya a ƙasar nan ya san wannan ciwon ba sai an fassara masa ba.

Gyara ya zo a hankali, kuma mafi yawansa da hannun hukuma. A 1872 aka kafa jarrabawar shahadar Alimiyya. A 1895 aka kafa majalisar gudanarwa, wadda Shehu Muhammad Abduh ya yi ta fama a cikinta don a shigo da tsari da sababbin fannoni, har ya gaji ya ajiye a 1905, shekarar da ya rasu. Dokar 1930 ta raba karatun sama zuwa kwalejoji uku: Usuluddin, Shari'a, da Harshen Larabci. Daga nan sai zamanin Jamal Abdunnasir, wanda ya ƙarasa abin da Muhammad Ali ya fara. An soke wakafin iyali a 1952, aka mayar da wakafin alheri ƙarƙashin ma'aikatar gwamnati, aka soke kotunan shari'a a 1955. Sai doka mai lamba 103 ta shekarar 1961, wadda ta mayar da Azhar jami'a irin ta zamani, da kwalejojin likitanci da injiniya da aikin gona da kasuwanci, kasafinta daga baitulmalin gwamnati, naɗin shehinta a hannun shugaban ƙasa. A 1962 aka buɗe kwalejin mata.

Yaya za mu auna wannan? Ba zan ce sharri ne zalla ba. Yarinyar da ta yi mini tambaya, da a zamanin riwaƙai take, da babu sunanta a rajistar gurasa. A yau mata na fita daga Azhar da digirin likita da na tafsiri. Dubban 'yan Afirka da Asiya sun zauna a unguwar ɗaliban ƙasashen waje da aka gina a Alƙahira a shekarun 1950, sun koma garuruwansu sun zama alƙalai da limamai da malaman jami'a. A ƙasar nan ma, Shehu Adam Abdullahi Al-Ilori ya je Azhar a 1946, ya ga yadda ake tsara karatu da aji da manhaja da jarrabawa, ya dawo ya kafa Markaz a 1952, makarantar da ta sauya fuskar karatun Larabci a ƙasar Yarbawa. Wannan duk amfani ne da ba mai musun sa. Amma an biya farashi. Tun daga lokacin, duk fatawar da ta fito daga Azhar a kan abin da ya shafi mulki, akwai masu karɓarta da ayar tambaya, ko da kuwa gaskiya ce tsantsa, saboda sun san inda albashi ke fitowa. Kuma idan matasa suka daina amincewa da malaman makaranta, ba sa zama haka nan, sukan nemi wasu malaman a wani wuri, wani lokaci a wurin da babu alheri. An samu shehunan da suka nuna ƙashin baya, kamar Shehu Abdulhalim Mahmud wanda ya ajiye muƙaminsa a 1974 da aka nemi rage ikon ofishinsa, har sai da Shugaba Sadat ya janye. A 2012 kuma aka gyara doka, zaɓen Shehun Azhar ya koma hannun majalisar manyan malamai. Gonakin dai ba su dawo ba.

Abin da ya sa wannan tarihi ya tsaya mini a rai ba nisa yake ba. Shekarun baya na koyar a wata Islamiyya da wani bawan Allah mai hali yake biyan alawus ɗin malamanta duka daga aljihunsa, Allah Ya saka masa da alheri. Wata rana wani abokin aikina ya yi darasi a kan haƙƙin ɗan ƙwadago da haramcin jinkirta masa lada, bai ambaci kowa ba. Ashe maganar ta taɓa wani na kusa da mai ɗaukar nauyinmu. Ba a kore shi ba, ba a ma yi masa faɗa ba. Alawus ne kawai ya yi jinkirin wata biyu, mu duka. Da aka biya, babu wanda ya ce mana kada mu sake, amma babu wanda ya sake. Ni ma ina cikinsu, kuma har yau ina jin kunyar wannan shirun. Ranar na fahimci Umar Makram fiye da yadda na fahimce shi a aji a jami'a, na kuma fahimci shehunan da suka juya masa baya, abin da ya fi zafi.

Mu a ƙasar Hausa ba mu gina karatunmu a kan manyan wakafai irin na Masar ba. Namu wakafin shi ne gonar malam da almajirai ke nomawa, da zakkar hatsi, da ƙwaryar tuwon da kowane gida ke fitarwa da daddare. Tsari ne da ya yi aiki lokacin da garuruwa ke ƙanana kuma kowa ya san kowa, amma ba a rubuce yake ba, babu alƙalin da zai tilasta shi, shi ya sa da zamani ya juya sai ya bar mana yara a kan titi da roba a hannu. Da muka zo gina manyan makarantun addini na zamani kuwa, sai muka bi ɗayan hanyoyi uku. Ko dai gwamnati, kamar Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, da sassan Larabci da addinin Musulunci na jami'o'inmu. Ko taimakon ƙasashen waje, kamar Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, wadda Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke shawarar kafawa a taron Lahor na 1974, ta fara aiki a 1986. Ko kuma kuɗin makaranta, kamar jami'o'i masu zaman kansu da al'ummar Musulmi suka samu lasisinsu a Nijeriya daga 2005, irin su Al-Qalam a Katsina da Al-Hikmah a Ilori. Kowace hanya ta fitar da mutanen kirki, ni kaina ɗan ta farkon ne. Amma ta farko tana tafiya da yanayin gwamnati, ta biyu da yanayin mai bayarwa, ta uku kuma, duk kyawun niyyar masu ita, dole ta tambayi ɗan malamin Islamiyya abin da ubansa ba ya samu a shekara. Makahon da ya samu zawiya a Azhar shekaru ɗaruruwa da suka wuce, ina zai dosa a cikin ukun nan?

Akwai alamun an fara farkawa. Jami'ar Musulunci ta Uganda, wadda aka buɗe a Mbale a 1988, tana da dogon bene a tsakiyar Kampala, King Fahd Plaza, wanda aka gina mata a matsayin wakafi tana cin kuɗin hayarsa. A nan gida jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato sun kafa hukumomin zakka da wakafi, ta Kano ma da sunan hubusi ake kiranta. Sai dai har yanzu mai kuɗinmu ya fi son gina masallaci na huɗu a layin da ke da uku, a kan ya tsare shaguna biyar ya rubuta cewa hayarsu ta malaman makaranta kaza ce har abada, ya sa shaidu, ya cire hannunsa da na 'ya'yansa. Cire hannun nan shi ne mai wuya, kuma a mazhabarmu kyauta ko hubusi ba sa cika sai abin ya fita daga hannun mai shi an karɓe shi tun yana da rai da lafiya.

Da na koma wa ɗalibata da amsa, na ce mata Azhar ta fara a matsayin makarantar sarki, ta yi ƙarnoni tana cin gonakin da matattu suka bar mata, yau kuma ta gwamnati ce, amma a mafi tsawon tarihinta ɗalibi bai biya ko sisi ba, shi ake ba gurasa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To mu wa ya bar mana gona?" Na ce ta buɗe fihirisar Risalarta ta nemo babin da ya yi magana a kan shufu'a da kyauta da sadaka da hubusi. Yana can wajen ƙarshen littafi, inda galibi ake isa a gajiye ana sauri a yi walimar sauka. Ni kaina a zama biyu malaminmu ya ƙetare da mu shi, Allah Ya jiƙansa. Na roƙi shugaban makarantarmu ya bar ni in tsallako da shi gaba a wannan zangon, kuma ya amince mu gayyaci iyayen yara su zauna a bayan aji ranar da za mu fara.